Silif a Firizar Mama

Kun cika min waya da tambaya tun makon jiya, wai dangin Nejad, saurayina, sun zo neman aurena ko ba su zo ba. Sun zo. Ranar Asabar suka zo, kuma zan zayyana muku komai yadda ya faru. Sai dai wadda ta san "ai da kin yi haƙuri" za ta rubuto min, ta riƙe abinta, na sha shi a gida har ya gundure ni.

Ga sababbin shigowa, sunana Mersiha, shekarata ashirin da shida, ni kaɗai iyayena suka haifa. Babana, wanda nake kira Babo, yana da gareji a jikin gidanmu, can sama da garin Travnik inda kwalta ta ƙare. Aikinsa gyaran kwad, wato babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da makiyaya ke hawa dutse da shi. Duk yankin in aka ce Usta Hairudin, wato gwani Hairudin, an gama magana. Abin da yankin bai sani ba shi ne, shekara biyu ke nan hannun Babo yana rawa. Likita ya ba shi ƙwayoyi, suna ragewa, ba sa hanawa. Tun daga lokacin ni nake yin duk aikin da ke son awo da tsayayyen hannu, a ɗakin ciki, ƙofa a rufe. Shi kuma yana waje yana karɓar mutane, hannuwa cikin aljihu, yana ba su labari. Kowa ya ɗauka shara da amsa waya ne aikina. Mu uku muka san gaskiya, kuma Mama ta sa na yi mata alkawari ba zan buɗe baki ba sai an sha sherbe, ruwan zaƙin da ake zagayawa da shi in an ba da yarinya.

Dalilinta Ramiza ce, mahaifiyar Nejad. Gidansu gidan cuku ne tun kakanni, kuma matar nan ta taɓa faɗa a taron mauludi, a gaban mata sun fi talatin, cewa hannun da ya saba da baƙin mai ba zai shiga madararta ba, wai cuku yana jin wari kafin mutum ya ji. Mama tana wurin. Ta dawo gida ta ɗaure kai ta kwanta.

"Shi ma Nejad ɗin kar ya sani?" na tambaye ta a lokacin.

"Shi ne ma na farko. Namijin da ke gaya wa uwarsa abin da ya ci da rana?"

Wata takwas muna tare, ban faɗa masa ba. Ina son sa, kar ku yi shakka. Dogo ne, mai sanyin magana, yana da tumaki ɗari uku da kunya kamar ta amarya. Amma a harkar inji, Allah ya jiƙan wanda ya ba shi aro.

Ranar Talata ya kawo kwad ɗinsa a bayan tarakta, fuska a murtuke. Wai hayaƙi yake yi, ba ƙarfi, kuma yana shanye baƙin mai. Da ya tafi na rufe ƙofa na buɗe injin. Filtar iska babu ita. Ashe tun watan jiya ya cire ta ya wanke, ya shanya a kan shinge, ya manta, ya ci gaba da hawa yana shaƙa wa injin ƙasa. Cikin silindar duk ya karce, layi-layi daga sama har ƙasa, farcena yana maƙalewa a ciki.

Irin silindarsa ta sanholo ce, ba ta da silif, an dai shafe cikinta da wani abu mai tauri, siriri kamar ɓawon albasa. Ba ta da nauyi, tana saurin hucewa, amma in shafen nan ya karce shi ke nan, ba a gogewa. Ko dai a aika da ita ƙetare a sake shafawa a jira sati huɗu, ko a rarake cikinta a zura silif na baƙin ƙarfe, wato bututun da fistin zai riƙa hawa da sauka a cikinsa. Na faɗa wa Babo duka, ya haddace, washegari ya karanto wa Nejad kamar shi ya gano, ni ina gefe da tsintsiya.

"Usta, sati huɗu? Litinin fa muke hawa dutse da tumaki. Gishiri da tukwane a kaina zan ɗauka?"

"To silif za a sa."

"Ba zai rage gudu ba?"

"Gudun me? Tsere kake yi da tumakin? Zai ɗan fi riƙe zafi, kar ka matsa masa a hawa. Amma baƙin ƙarfe yana da juriya, kuma in ka sake yin sakarcin nan, a nan za mu goge shi mu sa fistin mai girma, ba sai an roƙi Jamusawa ba."

Kalma-kalma maganata ce, har da sakarcin. Nejad ya juyo yana dariya ya ce, "Kin ji babanki ko? Irinsu sun ƙare." Na ce na ji, na ci gaba da share wurin da na riga na share sau biyu. Raina ya sosu, ba zan ɓoye muku ba.

Silif ɗin bai iso daga wurin maƙerin garin Zenica ba sai Juma'a da yamma. Na auna shi, na rarake silindar daidai da shi, na sake aunawa har sau bakwai. Ku gane, silif ba a buga shi da guduma. Ana yin sa ya fi ramin kauri da abin da bai wuce silin gashi ɗaya ba. Sai a gasa silinda ta buɗe, a daskarar da silif ya tsuke, a sake shi ya faɗa ciki da kansa. Daƙiƙa uku ne ko huɗu. In ya karkace, ko hannu ya yi nawa, zafi ya kama shi a rabin hanya, sai dai a yanka shi a fitar, wani lokacin silindar ma ta tsage. Mu kuwa ba mu da tanderun gareji. Tun ina yarinya a tanderun Mama ake gasawa, a firizarta ake daskararwa, kuma tun ina yarinya take rantsuwa wannan ne na ƙarshe.

Asabar da safe ta buɗe firiza za ta ɗauki naman ragon da za ta sa a pita, gasasshen abincinmu na fulawa mai nama a ciki, ta ga abina kwance a kai cikin leda.

"Mersiha! Yau? Yau ɗin nan?"

"Mama, Litinin za su hau. In bai shiga yau ba, yaushe zan goge shi in haɗa injin?"

"Pita tire huɗu suna jiran tanderu, ke kuma za ki gasa min ƙarfe. Kwana uku ina jiƙa miki farce cikin lemon tsami, don wa nake yi?"

"Sai bayan la'asar za su zo. Ƙarfe ɗaya na gama, ki buɗe taga, ki sa pitarki."

"Allah ya ba ni 'ya ɗaya tak, ya ba ni ita da sifana a hannu."

Na wanke silindar da sabulu sau uku, sha biyun rana na sa ta a tanderu. Mama ta kora ni wanka, wai gashi ya samu ya bushe. Na sa doguwar rigata koriya mai ƙananan maɓallai a wuyan hannu, wadda muka saya a Travnik bayan mun shiga shago shida, na sa 'yan kunnen kakata. Dabarata ita ce in ɗora tsohon kwat ɗin Babo a kai in yi aikin cikin minti biyu. Ina gaban madubi ina fama da maɓallin ƙarshe waya ta yi ƙara. Saƙon Nejad ne.

"Amija Sakib zai bi motar Sarajevo da yamma, don haka mun taso yanzu. Kar ki tsorata." Da ɗan hoton zuciya a ƙarshe.

Na rubuta, "Yanzu kamar yaya?"

"Muna gada."

Daga gada zuwa ƙofarmu minti biyar ne. Na sauko da gudu na faɗa wa Mama. Ta dubi tanderu, ta dube ni, ta ɗauki turaren ɗaki ta fesa kusan rabin gwangwani.

Su uku ne. Ramiza a gaba, gajera, ɗankwali fari mai bakin leshi, jaka a ƙarƙashin hammata, idonta ya ƙirga labulenmu kafin ta gama cire takalmi. Sai Amija Sakib, wato Baffa Sakib, ƙanin marigayi baban Nejad, tsohon direban babbar mota, wanda in ya yi raɗa ana ji a masallaci. Sai Nejad a baya da kwalin alewa, cikin kwat ɗin da ya matse shi a kafaɗa.

Na kawo gahawa da sukari na dunƙule. Ina miƙa wa Ramiza nata ta kama yatsuna ta juya su.

"Masha Allah. Hannu kamar na malamar makaranta."

Mama ta yi wani murmushi da ban taɓa ganin irinsa ba. Babo kuwa ya ce cikinsa ba daɗi, ba zai sha ba. Ƙarya ce. Ƙaramin kofi a hannunsa ƙara yake yi a kan faranti, shi ya sa ya daina shan gahawa a gaban baƙi.

An taɓa hirar ruwan sama, an taɓa ta tsadar ciyawa. Amija Sakib ya gyara zama zai shiga abin da ya kawo su, sai ya tsaya. Ya ɗaga hanci, ya dubi Mama.

"Shefika, wace irin pita ce wannan kike gasa mana? Shekara talatin na yi a bayan sitiyari, na san warin nan. Ko da dizal kike soya albasa?"

"Haba Sakib, gareji ne a jikin gida, iska ce take..."

"Silindata ce!" Nejad ya miƙe har yana ture faranti. "Usta, yau za a sa? Amija, taso ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. Ƙarfe ya shige cikin ƙarfe ba guduma."

Na rufe ido. Wannan shi ne mutumin da nake so, jama'a.

Babo ya ce a bari sai an jima, ba lokacinsa ba ne.

"In an jima ni ina Sarajevo," in ji Amija Sakib. "Kai Hairudin, mun zo roƙon 'yarka guda, kallon hannunka ne za ka yi mana rowa? Tashi, tsoho. Ramiza, taso ki ga gidan da ɗanki zai shiga."

Babo ya dube ni sau ɗaya, ya tashi. Me zai ce? Gaba ɗaya muka ɗunguma kicin, har Mama da ke tafe kamar mai bin gawa.

Ya sa safar hannu mai kauri, ya fito da silindar ya ɗora a kan guntun katakon da ke bakin ƙofar baya. Wannan bai ba shi wuya ba, abu mai nauyi yana danne rawar. Ya ce, "Mersiha, miƙo min abin can." Na buɗe firiza na miƙa masa, silif ɗin ya yi fari da raɓa, yana tururin sanyi. Na koma baya na haɗa hannuwa a ciki kamar 'yar kirki.

Ya ɗaga shi saman ramin. Na ga ya ja numfashi ya riƙe, dabarar da yake yi ke nan. Da farko hannun ya tsaya, har na ce Allah ya rufa asiri. Sai bakin silif ɗin ya taɓa bakin silinda. Ƙal. Ya ɗaga, ya sake saukewa. Ƙal-ƙal-ƙal. Raɓar ta fara narkewa a gefen da ya taɓa, ina kallon ɗigon ruwa yana gangarowa, kuma na san ma'anarsa: ƙarfen yana ɗumi, yana kumbura. Alamar da na yi masa da jan fenti don a san fuskar da zai zauna ta kauce daga inda ya kamata. Ya karkata shi zai tura da ƙarfi.

Na sha tambayar kaina tun ranar ko na yi tunani. Ban yi ba. Ban tuna da Ramiza ba, ban tuna da alkawarin Mama ba. Abin da na gani kawai shi ne ramin da na auna sau bakwai zai lalace, kuma za a ce Usta Hairudin ne ya lalata shi a gaban surukai. Na fizge silif ɗin daga hannunsa da hannuna tsirara, na juya alamar ta zo daidai, na daidaita, na saki.

Ƙwas. Ya zauna har ƙasa.

Da a nan na tsaya, wataƙila da an ce sa'a ce. Amma baki ya saba. Ban ma ɗago ba na ce, "Babo, nauyi! Yi sauri, zai ɗago!" Shi kuma jikinsa ya saba, ya juya da hanzari ya ɗauko tsohon dutsen guga na ƙarfe da muke dannewa da shi, ya miƙo min da hannu biyu. Na ɗora, na danna, na durƙusa na leƙa gefen in ga ko ya zauna daidai. Sai da na tabbatar na miƙe. A nan na ga fuskoki biyar suna kallona, a nan kuma na ji zafi. Wuyan hannuna ya kwanta a jikin silindar, hannun rigar ya ƙone, maɓalli biyu sun narke.

Amija Sakib ne ya fara magana, kuma karon farko a rayuwarsa a hankali.

"Wannan ba yau ta fara ba."

Mama ta buɗe baki, na san wata ƙaryar za ta ɗinka. Babo ya ɗaga mata hannu. Ya cire safar, ya miƙa hannuwansa biyu a gabansu, ya bar su suna rawa kowa ya gani.

"Shekara biyu," ya ce. "Duk injin da ya fita daga ƙofar can cikin shekara biyu, ita ta yi. Naka ma, Sakib, na bara da kake ta yabo a kasuwa. Ni surutu kawai nake yi."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Duka biyun tare, ku yi min hukuncin da kuka ga dama.

Ramiza ta matso kusa da ni. Ta ajiye jakarta, ta kama hannuna ta kai famfo, ta sake min ruwan sanyi, ta riƙe shi a ƙarƙashi ya fi minti biyar. Ta ce wa Mama ta kawo tsumma mai tsabta, ta ɗaure min da kanta, ɗauri mai kyau. Har na fara sa rai.

Muka koma falo. Gahawa ta huce. Nejad ya zauna can ƙarshen kujera.

"Kin bar ni ina yabon wani a gabanki," ya ce, bai dube ni ba. "Wata takwas."

"Wanin nan ubana ne."

"Ya isa," in ji Ramiza. Ta juya wajen Babo. "Hairudin, ɓoyon bai dame ni ba, don ubanta ta yi. Yarinyar da ta sa hannu a wuta saboda mutuncin ubanta, ina son ta a gidana. Muna nema. Amma magana ɗaya ce, kuma Shefika ta san ta tun a mauludi. In ta shigo, ta bar garejin. Ba rabin yini, ba ranar Asabar, ba 'bari in leƙa Babo'. Cukun nan da sunan uwar mijina ake sayensa."

"Teta Ramiza, ana wanke hannu fa," na ce, ina kiran ta Teta, wato inna.

"Kwana nawa aka yi ana wanke wannan kafin in zo?"

Mama ta sunkuyar da kai. Na juya wajen Nejad.

"Kai me ka ce?"

Ya daɗe yana kallon zanen darduma. "Mersiha, cukun nan shi ne abincinmu."

"Na sani. Garejin nan kuma fa, na wa ne?"

Amija Sakib ya dubi agogo, ya buga cinya, ya ce kowa ya je ya yi shawara da matashin kansa, Juma'a mai zuwa zai dawo jin amsa. Suka sa takalma. A bakin ƙofa Nejad ya tsaya kamar zai yi magana, sai abin da ya fito shi ne, "Kwad ɗin..." Na ce gobe da yamma ya zo ya ɗauka, kuma ya taho da filtar da ke kan shinge. Tulun sherben yana kan tebur an rufe shi da ƙyalle, ba wanda ya taɓa.

Mama ta shiga kicin tana kuka tana jera pita a tanderu, tire huɗu, mu uku. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na cire 'yan kunne, na ɗora kwat ɗin Babo a kan rigar, na jefa waya a aljihu, na fita duba ko silindar ta huce. Sai na ji ƙarar tsani a jikin bango ta waje.

Babo ne a sama, a gaban allon da ke saman ƙofar gareji, wanda aka rubuta sunansa da shuɗin fenti tun kafin a haife ni. Sukundireba a hannunsa.

"Babo, me kake yi?"

"Allon zan cire, in rufe garejin. Ki ce musu kin yarda."

"Sauko mu yi magana."

"Ba maganar da za a yi. Na rufe ki a ɗaki shekara biyu don kar a ce na tsufa. Ya isa. Yaron yana son ki, sakarai ne amma yana son ki."

"Wa ya ce maka rufe ni ka yi? Ni nake son aikin. Ko da hannunka lafiya lau yake, a ɗakin can za ka same ni."

"Kina so yau. In kin kai arba'in ke kaɗai, ni ina kabari, uwarki tana..." Bai ƙarasa ba. Ya juya ya sa bakin sukundireba a kan ƙusa. Ta zame. Ya sake, ta zame ta kankare fenti daga harafin farko na sunansa. Ya riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, ya gwada na uku. Ina ƙasa ina ji, ƙal-ƙal-ƙal.

Ya sauko a hankali, mataki ɗaya-ɗaya. Ya miƙo min ita, idonsa a ƙasa.

"Hau ki kwance min, 'yata. Ni ba zan iya ba."

Na karɓa, don ban taɓa ƙin karɓar abin da ya miƙo min ba. Na hau. Ina isa mataki na biyar waya ta fara ruri a aljihu, na leƙa, sunan Nejad ne. Allon yana gabana, wayar tana ta kuka, Babo yana ƙasa ya riƙe min tsani da hannu biyu don kar in faɗi, tsanin kuwa sai rawa yake yi.